Katin ɗaukar ma'auni ya daina aiki: ko ya ƙone ne?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ma'aikacin ɗakin gwaje-gwaje ne a wata makaranta a Zariya. Muna da tsohuwar kwamfuta mai Windows 98, a cikinta akwai katin ISA (tsohon nau'in katin da ake sokawa a cikin kwamfuta) da ke ɗauko ma'aunin zafi da ƙarfin lantarki daga na'urorinmu. Tunda muka ƙara mata katin haɗa kwamfutoci, manhajar sai sifili take nunawa, wani lokaci ma kwamfutar ta daskare. Ko katin ma'aunin ya ƙone ne?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Da wuya a ce ya ƙone. Na fi zargin baƙon kati ya zauna masa a kan tabarma.

Irin wannan kati abu uku yake nema: adireshin da manhaja za ta same shi, layin IRQ da yake kiran kwamfuta idan ma'auni ya iso, da tashar DMA da yake zuba bayanai kai tsaye cikin ma'adana. Tsofaffin katunan ISA kuwa ba sa gaya wa Windows abin da suka riƙe, da hannu ake saita su ta 'yan makunnan da ke jikinsu. Shi ya sa za ka buɗe Device Manager, inda Windows ke jera na'urorin kwamfuta, ka ga babu alamar rikici, alhali rikicin na nan.

Kashe kwamfutar, ka zare wayar wuta, ka ciro katin ma'aunin ka gwada makunnan da littafinsa. Da yawa daga masana'anta suke zuwa a kan adireshi 300h, wanda shi ne kuma katunan haɗa kwamfutoci irin NE2000 suka saba ɗauka. In sabon katin na ISA ne, ka kai ɗaya daga cikinsu wani adireshin, kamar 320h in babu kowa a kai. In na PCI ne, wato nau'in da ya zo bayan ISA, to ba adireshi ba ne, layin IRQ aka ƙwace, domin katin PCI yana iya raba layi da ɗan'uwansa, na ISA ba ya yarda.

Layukan IRQ 16 ne, daga 0 zuwa 15, amma galibi da masu su: 1 na allon rubutu, 3 da 4 na mashigan jona na'urori da ake kira COM, 7 na firinta, 12 na linzami, 14 da 15 na faifai. Abin da ya saba ragewa 5 ne, 10 da 11, shi ma 5 ɗin katin sauti kan kama shi. Ni 10 nake fara gwadawa, in katin yana karɓa. A DMA ka guji 2 da 4.

Wurin da aka fi mantawa shi ne BIOS, wato saitunan da ake shiga idan an kunna kwamfuta kafin Windows ta tashi. Shiga sashen PnP/PCI, ka mayar da layin da ka zaɓa Legacy ISA, don kada a sake bai wa wani. Sannan ka shigar da lambobin nan daidai a direban katin, wato manhajar da ke sarrafa shi. Kati, BIOS da direba, dole bakinsu ya zo ɗaya.

Gwaji kuwa, batirin tocila ya isa. Jona shi a ɗaya daga mashigan ma'auni na katin: in ka ga kusan bolt 1.5, adireshi ya zauna. In ma'auni ɗai-ɗai yana fitowa amma kwamfutar tana daskarewa da ka ce ta ɗauka a jere da sauri, koma kan IRQ da DMA.