Amsoshin Malam: Gizo, Kififiya da Abotar Dabbobi

Tambaya: Malam, yarana sun kalli wani fim na Amurka inda gizo-gizo ya ceci ɗan alade daga yanka ta hanyar saƙa kalmomin yabo a jikin yanarsa. Da nake maimaita musu labarin da Hausa sai na riƙa cewa Gizo, amma kakarsu ta ce na ɓata labarin. Wa ke da gaskiya? (Wani magidanci daga Kaduna)

Amsa: Kakarsu ce ke da gaskiya, Malam, kuma ina roƙonka ka ƙara kusantar da yaran nan gare ta. Labarin da kake nufi shi ne Charlotte's Web, wanda E. B. White ya fitar a 1952, aka mayar da shi majigin zane a 1973, aka sake yin fim ɗinsa a 2006. Abin da ke cikinsa gizo-gizo ne, wato ƙwaron nan mai ƙafa takwas da ke saƙa a kusurwar ɗaki, wanda ake kiran wani nau'insa tautau. Gizo kuwa suna ne na yanka, sunan mutumin tatsuniya, mijin Ƙoƙi, mai tsamin baki da kwaɗayi, wanda bai taɓa ƙulla abota da kowa ba sai da wata manufa a ransa. Duk yaron da ya tashi a gaban kakarsa ya san cewa in Gizo ya ce wa kura ko giwa su zama abokai, to akwai wanda zai kwana da yunwa, kuma ba Gizo ba ne. Saboda haka da zarar ka kira wannan baiwar Allah Gizo, ka sa mai sauraro ya zauna yana jiran ranar da za ta ci amanar ɗan aladen, alhali a labarin ita ce ta ƙarar da ƙarfinta wajen cetonsa, ta mutu ta bar masa ƙwayayenta, shi kuma ya kula da su har suka ƙyanƙyashe. Ga kuma matsalar jinsi, domin a littafin mace ce, Gizo kuwa namiji ne, don haka mai ba da labarin da Hausa sai ya ce wata gizo-gizo mace, ya ci gaba da kiranta da sunanta, Charlotte.

Wannan sakaci yana damuna ƙwarai, domin yanzu har a bakin masu ilimi ana jin ana gutsure kalmar, ana cewa an ga gizo a bango. Na san za a kawo mini hujja da yanar gizo da bakan gizo, to amma waɗannan harɗaɗɗun sunaye ne da suka daskare a yadda suke, ba su ba kowa izinin ya cire rabin kalma a duk inda ya ga dama ba. Bahaushe ma ba baƙo ba ne ga gizo-gizo mai ceto, tun da kowa ya ji labarin saƙar da aka ce ya yi a bakin Kogon Saur lokacin Hijira, kuma babu malamin da zai hau mumbari ya ce Gizo ne ya yi wannan saƙa.

Tambaya: Shin "sabo da kaza ba ya hana yanka ta" zai dace da wannan labari na ɗan alade? (Shi dai mai tambayar farko)

Amsa: Zai dace a bakin manomin da ke shirin yankan kaɗai, domin karin maganar hujjar mai wuƙa ce.

Tambaya: Malam, ina fassara wa ɗalibaina labarin hankaka da ɓera da kunkuru da barewa daga Faransanci. Zan kira su abokai ne ko aminai? (Wata malamar firamare daga Maraɗi)

Amsa: Malama, kin taɓo abin da na fi so. Labarin da ke hannunki, wanda mawaƙin Faransa La Fontaine ya sa a waƙe a ƙarni na 17, ya yi doguwar tafiya kafin ya iso Faransa. Asalinsa daga Indiya ne, cikin littafin Panchatantra na harshen Sanskrit. Wani likita mai suna Burzoye ya mayar da shi tsohon Farisanci a ƙarni na 6, zamanin sarkin Farisa Kisra Anushirwan, sannan Abdullahi ibn al-Muƙaffa ya mayar da shi Larabci wajen shekarar 750 da sunan Kalila wa Dimna, sunayen diloli biyu da ke babin zaki da sa. A Larabcin labarin ya fara ne da kurciyoyi da suka faɗa tarkon maharbi, shugabarsu ta ce su tashi gaba ɗaya da ragar, abin da Bahaushe zai ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Suka sauka wurin ɓera, ta roƙe shi ya fara tsinke igiyoyin 'yan'uwanta kafin nata, don ta san ko ya gaji ba zai bar ta a ɗaure ba. Ganin haka ne ya sa hankaka ya nemi ɓeran da abota, ɓera ya yi ta noƙewa, yana mai cewa babu abin da ya haɗa mai ci da abin ci.

To, a nan kalmomin biyu suke rabuwa. Aboki shi ne wanda wani al'amari ya haɗa ku, kowane iri ne, shi ya sa muke da abokin tafiya da abokin ciniki da abokin wasa, mace ta kira kishiyarta abokiyar zama, har ma maƙiyi muna ce masa abokin gaba. Kalmar ba ta ɗaukar wa kowa alkawarin komai. Amini kuwa ya fito daga tushen Larabci guda da amana da aminci, shi ne wanda za ka juya wa baya ba ka ji tsoro ba. Shawarata ita ce ki bar su a matsayin abokai a farkon labarin, lokacin da ɓera ke magana da hankaka daga cikin rami bai yarda ya fito ba, kada ki kira su aminai sai bayan barewa ta kwanta kamar mai rauni a gaban maharbi, hankaka ya sauka a kanta, maharbin ya yar da kunkurun da ya kama ya bi ta, ɓera kuma ya tsinke ɗaurin. Idan kika yi haka, yaran za su ji yadda abotar ta girma ta wurin sauyin kalma ɗaya. Abin takaici ne yadda masu fassara majigin yara a yau suke zuba aboki a ko'ina, har yarinya ta kira 'yar'uwarta mace abokina, alhali ga ƙawa ga aminiya. Abubakar Imam, da ya ɗebo labarai daga Gabas da Turai ya zuba a Magana Jari Ce daga 1937, bai yi irin wannan gaggawa ba. Sai da ya sa wa kowane labari rigar Hausa kafin ya ba aku ya faɗa.

Wani gyara kuma, Malama: wanda kika kira kunkuru a Larabcin cikin tafki yake zaune, yana nutsewa in ya tsorata, saboda haka kififiya ce ta fi dacewa da shi.

Tambaya: Na rufe labarin zaki da ɓera da "ɗan hakin da ka raina shi kan tsone maka ido". Na yi daidai? (Wani ɗalibi daga Kumasi)

Amsa: Ba ka yi daidai ba, ɗana, ko da yake mutane da yawa suna wannan kuskure. Karin maganar gargaɗi ce game da cutar da ƙarami zai iya yi maka, ɓeran kuwa bai tsone wa zaki ido ba, igiyar tarko ya gaigaye ya fisshe shi, don a baya zakin ya kama shi ya sake shi. Abin da kake nema shi ne "alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza".

Tambaya: Idan labarin na waje ne, ya halatta a buɗe shi da "ga ta nan, ga ta nanku"? (Wata uwa daga Gusau)

Amsa: Ya halatta, Hajiya, matuƙar da baki kike ba da shi kuma yaran sun amsa da "ta zo mu ji ta". In kin kai ƙarshe ki rufe da ƙurunƙus kamar kowace tatsuniya.