Kashin jini a ɗakin kaji, sammore a turke: amsoshin tambayoyinku

Tunda ruwa ya zauna, tambayoyin da ke zuwa mini sun karkata waje guda. Na ware guda huɗu, domin cututtukan da ake kuka da su 'yan gida ɗaya ne. Ƙwayoyin da ke kawo su ba tsutsar ciki ba ne, ba kuma bakteriya ba. Wasu 'yan mitsi-mitsin halittu ne da likitoci ke kira furotozowa, dangin ƙwayar zazzaɓin cizon sauro. Magungunan da ke kashe su ba su da yawa, kuma mafi yawansu sun tsufa.

Wata Hajiya daga Hotoro ta ce: "Ina da buloila 300, sati huɗu. Kwana uku ke nan ina ganin kashin jini, sun takure, sun saki fuffuke, bakwai sun mutu. Na ba su maganin tsutsa da bitamin, ba sauƙi."

Hajiya, Allah Ya mayar da alheri. Da shekarunsu da wannan kashin, abin da na fi zato shi ne koksidiyosis. Ƙwayar sunanta Eimeria, kuma wadda ta fi kawo jini ita ce Eimeria tenella. Ta fi kama 'yan tsaki daga sati uku zuwa shida. Idan kina da ƙarfin hali, ki sa a farke ɗaya daga cikin waɗanda suka mutu. Can kusa da ƙarshen hanji akwai wasu 'yan jakunkuna biyu dogaye. Idan kin same su sun kumbura, cike da jini ko daskararren jini kamar hanta, to ita ce. Amma ki kai gawa ɗaya ko biyu asibitin dabbobi, ko na Gwale ko wanda ya fi kusa da ke, domin Gumboro, wata cutar kaji ta daban, ita ma a wannan shekarun take kamu, kuma sau da yawa tare suke zuwa.

Maganin tsutsa ba ya taɓa ta. Abin da ake ba su shi ne amprolium a ruwan sha na kwana biyar zuwa bakwai, ko toltrazuril na kwana biyu a jere. Idan toltrazuril mai ƙarfin kashi 2.5 cikin ɗari ne, mililita ɗaya ake sawa a lita ɗaya ta ruwa. Ga inda da yawa suke yin tuntuɓe: amprolium yana aiki ne ta hanyar hana ƙwayar samun bitamin B1. Idan kika haɗa shi da bitamin mai B a mazubi ɗaya, kin ba ta guba da hannun dama, kin ba ta makari da hagu. Ki ajiye bitamin sai an gama magani. Bitamin K shi kaɗai ba laifi, yana taimakawa wajen tsayar da jini. Masu kajin ƙwai kuma su sani, ba a ba kazar da ke yin ƙwan ci toltrazuril.

Sai dai maganar gaskiya, Hajiya, ciwon yana ƙarƙashin ƙafarsu. Ƙwan ƙwayar yana fita a kashi, kuma a lokacin ba ya iya kama kowa. Sai ya samu danshi da ɗumi na kwana ɗaya ko biyu sannan ya nuna. Kaza ta tsattsaga, ta haɗiye, shi ke nan. Na shiga wani ɗakin kaji a bayan gari makon jiya, na damƙi ɓuntun shinkafar da ke gindin mazubin ruwa, na matse. Da na buɗe hannu sai ga shi ya dunƙule kamar curin fura. Shimfiɗa mai kyau idan ka matse ta ka saki, warwatsewa take yi. Ki kwashe duk inda ya jiƙe yau ɗin nan, ki zuba busasshe, ki ɗora mazuban ruwa a kan bulo, ki rage cunkoso, ki buɗe labulen buhu iska ta ratsa. Kada ki dogara da feshin Izal, ƙwan nan ɓawonsa kauri gare shi, yawancin magungunan feshi ba sa fasa shi. Shara da bushewa da rana su ne abokan gabansa.

Akwai rigakafi, tun 1952 aka fara sayar da irinsa a Amurka. Ana ba 'yan tsaki a kwanakin farko, amma idan za ki yi shi sai kin tabbatar abincin da kike saya ba a sa masa maganin koksidiyosis ba, in ba haka ba abincin zai kashe rigakafin.

Wani Alhaji daga Ɗorayi ya ce: "Na sayo shanu biyar a Wudil don turka. Biyu sai ramewa suke yi duk da dusa da harawa. Ido na hawaye, gashi ya tashi. Yarona ya yi musu Oxy sau biyu da Berenil sau ɗaya, suka ɗan farfaɗo, suka koma. Sammore ne? Ai babu tsando a Kano."

Alhaji, tsando, ƙudan da ke yaɗa sammore, ba ya cikin birni, wannan haka ne, amma shanun da ke shiga Wudil ran Juma'a ba a Wudil aka haife su ba. Wasu sun yi rani a kudu, a bakin rafuka masu duhuwa, sun taho da ƙwayar a jininsu. Bayan haka, ɗaya daga cikin ƙwayoyin sammore, Trypanosoma vivax, ba lallai sai da tsando take yaɗuwa ba. Manyan ƙudaje masu cizo suna iya ɗauko ta a baki daga wannan sa su kai wa na kusa da shi. Allura ɗaya da aka bi garke da ita ma tana yin wannan aikin.

Ka ɗaga fatar idon san ka duba. Idan ciki ya yi fari fat maimakon ja-ja, jini ya ƙare. Ka shafa gaban kafaɗa, za ka iya jin kaluluwa ta kumbura kamar ƙwan kaza. To amma ciwon hanta da tsutsar ciki su ma suna shanye jini su ramar da dabba, don haka ido kaɗai ba ya yanke hukunci. A ɗebi jini a duba a madubin likita, a haɗa da kashi. Kuɗin gwajin bai kai na buhun dusa ba.

Oxy, wato oxytetracycline, maganin bakteriya ce, ba ta kashe ƙwayar sammore, wannan kuɗin ya tafi. Berenil kuwa magani ne na gaske, sunan sinadarinsa diminazene, amma da awo yake aiki: miligiram 3.5 ga kowane kilo na nauyin dabba. Ƙaramin ƙunshi mai giram 2.36 na dabba mai kilo 300 ne. Abin da nake gani kullum shi ne a jiƙa ƙunshi ɗaya a raba wa shanu biyu ko uku, wai a yi tattali. Raunanan ƙwayoyin su mutu, sa ya ɗan miƙe, masu taurin kai su rage su hayayyafa. Bayan sati uku ciwo ya dawo, kuma yanzu ya san maganin.

Ba sai kana da sikeli ba. Ka samu tef ɗin tela, ka auna kewayen ƙirji daidai bayan ƙafafun gaba, sannan tsawo daga kan kafaɗa zuwa ƙashin gindin wutsiya, duk a santimita. Ka ninka kewayen da kansa, ka ninka da tsawon, ka raba da 10,840. Sa mai kewaye 160 da tsawo 130 zai ba ka kilo 307 ko kusa da haka. Ƙiyasi ne, amma ya fi "ina ganin zai kai".

Idan gwaji ya nuna sammore ne kuma an yi diminazene cikakke ya dawo, likita zai sauya zuwa isometamidium, wanda aka fi sani da Samorin. Shi yana daɗewa a jiki, yana ba da kariya ta wata biyu zuwa huɗu. A yi shi can cikin tsoka, domin yana ƙona wuri. Ka karanta kwanakin da aka rubuta a jikin ƙunshi kafin yanka ko shan nono, musamman kai da kake turka don kasuwa. Ka kuma guji maganin da aka baza a rana a kan tabarma, jabu ya yi yawa a wannan layin.

Gargaɗi ga masu raƙuma da karnuka: diminazene yana iya kashe su. Kada a gwada ba tare da likita ba.

Wani ɗalibi mai kiwon awaki a Rijiyar Zaki ya ce: "Me ya sa har yau babu rigakafin sammore kamar na ciwon huhu? Masu bincike me suke yi?"

Ɗana, tambayarka ta yi mini daɗi. Ƙwayar sammore riga take sanye da ita, kuma tana da ɗaruruwan irinta a ajiye. Kafin garkuwar jiki ta gama gane wannan rigar, wasu daga cikin ƙwayoyin sun tuɓe sun sa wata. Shi ya sa zazzaɓin yake zuwa yana tafiya, shi ya sa kuma rigakafi ya gagara shekara da shekaru.

Diminazene ya fito a 1955, isometamidium a 1961. Wato maganin da kakanka ya yi wa shanunsa, shi muke yi har yau, kuma an tabbatar da ƙwayoyin da suka daina jin su a ƙasashen Afirka da dama, har da Najeriya. A nan gida akwai cibiyar binciken sammore ta ƙasa a Kaduna, da cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta Vom a jihar Filato, wadda take can tun 1924.

Akwai labari mai daɗi, amma a yi masa riƙon hankali. A 2021 masu bincike a cibiyar Sanger ta Ingila sun gano wani sashe a jikin Trypanosoma vivax da ba ya sauyawa, suka yi rigakafi da shi, ya kare ɓeraye. Ɓera dai ba saniya ba ce. Ana kuma gwada wani sabon dangin magani mai suna benzoxaborole domin shanu. A ɓangaren mutane an fi samun ci gaba: ciwon barci, wanda ɗan'uwan sammore ne, ya samu maganin haɗiya mai suna fexinidazole a 2018, bayan shekaru ana fama da allurai masu wahala. A tsibirin Unguja na Zanzibar kuma an kawar da tsando gaba ɗaya a 1997 ta hanyar sakin mazan ƙudajen da aka hana haihuwa. Tsibiri ne, ruwa ya kewaye shi. Ƙasa irin tamu da dabbobi ke ratsa iyaka dare da rana, lissafinta daban ne.

Ka tambaya kuma a kan saƙe-saƙin maɗaci. An gwada ɓawonsa a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, an ga yana taɓa ƙwayar a ɗakin gwaji. Ban raina shi ba, ai maganin zazzaɓin cizon sauro da muke sha yau daga ganyen tazargaden Sin aka ciro shi. Amma rage ƙwaya daban, kawar da ita daban. Idan dabbarka ta kwanta, kira likita.

Wani makiyayi da ke kawo nono Kano ya aiko a tambaya masa: "Saniyata tana fitsari ja kamar zoɓo, jikinta zafi, ga kaska."

Wannan ba ya jira. Alama ce ta babesiya, ƙwayar da kaska ke sawa, tana farfasa jini, kuma tana iya kashe saniya cikin 'yan kwanaki. Diminazene yana maganinta, haka ma imidocarb, idan an yi da wuri kuma da awon nauyi. A nemo likita yau, a ajiye ta a inuwa da ruwa a gabanta, kada a kora ta kiwo. Sauran garken a duba musu kunne da hantsa da ƙarƙashin wutsiya, a yi musu wankan kaska. Nononta kuma kada ya shiga ƙwarya sai kwanakin da aka rubuta a jikin maganin sun cika.