Likitan mutane ko na dabbobi: shiri ɗaya zai isa?

Tambaya: Ina aji biyu na babbar sakandare a Tudun Wada, Kaduna. Ina son likitancin mutane, ina kuma son na dabbobi. Wane shiri zan yi don in cancanci kowanne?

Amsa: Ƴata, har zuwa ranar cike fom ɗin JAMB hanyar ɗaya ce. Duka biyun suna neman kiredit biyar a WAEC ko NECO: Turanci, Lissafi, Bayoloji, Kemistiri da Fiziks. Ki dage ki same su a zama ɗaya, domin jami'o'i da dama ba sa karɓar haɗin sakamako biyu a likitancin mutane. A JAMB ma darussa huɗun iri ɗaya ne, wato waɗancan ban da Lissafi, maki 400 gaba ɗaya. Fiziks da lissafin Kemistiri ne suka fi kayar da ɗalibai, saboda suna haddace ƙa'ida ba sa zama su warware tambayoyi. Kullum ki warware na shekarun baya, kina duba agogo.

A fom ne hanya take rabuwa. Jami'a ta fi duba wanda ya sa ta a zaɓin farko, kuma kwas ɗaya za ki rubuta mata. Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya tana da duka biyun: asibitin koyarwa na mutane a Shika, na dabbobi a Samaru. Jami'ar Jihar Kaduna tana horar da likitocin mutane a asibitin Barau Dikko. Kowanne karatun shekara 6 ne. Gurbin likitancin mutane ya fi tsauri, don majalisar likitoci ta ƙasa ta ƙayyade wa kowace jami'a adadin da za ta ɗauka. In makinki bai kai ba, JAMB tana ba da damar sauya kwas, ko ki bi ta IJMB, wato karatun share fagen shiga jami'a, ki nemi shiga aji biyu na jami'a kai tsaye.

Abin da ba na so ki yi shi ne shiga likitancin dabbobi da niyyar tsallakawa bayan shekara guda. Waccan ƙayyadewar ta sa da wuya a samu gurbi, kuma karatun dabbobi ba ya ɗaukar rabin zuciya. Za ki koyi jikin saniya, doki, kare da kaza, kowanne da irin cikinsa da awon maganinsa, ga majiyyacin ba ya faɗin inda ke masa ciwo.

Kafin ki yanke shawara, ki nemi izinin iyayenki a hutu mai zuwa ki yi mako guda a asibitin dabbobi, wani makon a na mutane, ki ga wanda ranki ya fi ɗauka. In har duka biyun sun riƙe ki, fannin lafiyar al'umma yana haɗa su: haukan kare, tarin fukan da ake ɗauka a ɗanyar madara, da murar tsuntsaye, wadda a Jaji aka fara tabbatar da ɓullarta a Najeriya a 2006. Ta kowace ƙofa kika shiga, za ki iya ƙwarewa a wannan fannin a digiri na biyu.