Mi ya sa git log ke jan ƙafa kan fayil guda?

Ɗan'uwa, ka ce in kana neman tarihin fayil guda a Git, manhajar adana tarihin canje-canjen fayiloli, umarnin git log mai nuna tarihin sai ya daɗe kamar layin mai a Sakkwato, to dalili shi ne Git na buɗe kowane komit, wato kowane canji da aka adana, yana gwada shi da wanda ya gabace shi. Tun Git 2.27 a 2020 aka kawo rariyar Bloom, wata hanyar tace komit ba tare da an buɗe shi ba, dabarar Burton Bloom ce tun 1970. Kowane komit ana niƙa sunayen fayilolin da ya taɓa da hash bakwai, wato lissafin da ke mai da suna lamba, a zuba a rariyar, in rariyar ta ce babu fayil ɗinka a komit ɗin to wallahi babu, sai a tsallake, in ta ce akwai kam tana iya kuskure, dole a duba. Don ka haɗa rariyar, buga git commit-graph write --reachable --changed-paths. Amma komit da ya taɓa fiye da fayil 512, wannan sai an buɗe shi.