Shin ruwa na kashe haɗarin TcF6?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗaliba ce a shekarar ƙarshe a sashen kimiyyar sinadarai, kuma za a tura ni horo a wani ɗakin bincike da ake aiki da abubuwa masu fitar da tururin nukiliya. Na karanta cewa TcF6, haɗin teknishiyam da fulorin, yana wargajewa da zarar ya taɓa ruwa. Wani da ya riga ni zuwa horon ya ce kada in damu, irin waɗannan in sun zube a kwarara musu ruwa ko soda, shi ke nan sun mutu. Hankalina ya ƙi kwanciya. Gaskiya ne?

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yata. Gara da hankalinki ya ƙi kwanciya, domin maganar nan ba gaskiya ba ce, kuma tana iya cutar da ke da waɗanda ba su ji ba ba su gani ba.

Da wuya ki ga TcF6 da idonki, ɗakunan da ke da kayan riƙe shi ba su da yawa. Daskararren abu ne mai ruwan zinare, yana narkewa a digiri 37.4 na ma'aunin Salshiyos, ya tafasa a 55.3, kin ga zafin jikin mutum ma ya kusa narkar da shi. An fara haɗa shi a 1961, ta hanyar zafafa ƙarfen teknishiyam cikin iskar fulorin. Abin da kika karanta daidai ne: matakin +6, wato matakin cajin da teknishiyam yake kai a cikin TcF6, ba ya zama cikin ruwa. A kowane ƙwayoyin teknishiyam uku, ɗaya yakan sauka zuwa +4 ya kwanta a matsayin baƙin gari, TcO2, biyu su hau +7 su zama fateknitet, TcO4−, fulorin ɗin kuma ya fita a matsayin HF, wato asid ɗin haidrojin da fulorin, har ƙwaya goma sha takwas.

To ki ƙirga teknishiyam ɗin. Uku suka shiga, uku suka fita. Ina wanda ya mutu?

Wannan ita ce fahimtar da nake fama da ita kullum, daga bakin ɗalibai, har da ma'aikatan da suka daɗe a aiki. Sun ji an ce soda na kashe asid, sai suka ɗauka tururin nukiliya ma haka ake kashe shi. Duk wani haɗi ko rabuwa na sinadarai a ilektoron ɗin waje yake tsayawa. Tururin kuwa daga cibiyar ƙwayar zarra yake fitowa, inda ruwa ba ya kai, soda ba ta kai, wutar murhu ba ta kai. Riga kawai kike sauya wa teknishiyam ɗin, mai rigar yana nan. Teknishiyam-99 sai ya yi kimanin shekara 211,000 kafin rabinsa ya ƙare, ko yana tare da fulorin, ko da oksijin, ko kin narkar da shi a tekun ruwa. Wani mai karatu zai ce ai an auna cewa yanayin haɗi yana ɗan sauya saurin ƙarewar teknishiyam-99m, wanda ake yi wa marasa lafiya allurarsa don ɗaukar hoto. Haka ne, an gano wannan tun shekarun 1950, amma bambancin bai kai kashi 1 cikin 100 ba, kuma wancan rabin rayuwarsa awa 6 ne kacal. Ba hujja ba ce ga mai bokitin ruwa.

Abin da ya fi damuna shi ne ruwan nan ƙara dagula lamarin yake. Fateknitet na narkewa sarai, kuma ba ya maƙale wa yashi ko laka kamar yadda wasu ƙarafa ke yi. Duk inda ruwa ya bi, nan yake bi. Abin da ɗazu yake wuri guda a kan tebur, ana iya kewaye shi, yanzu ya gangara magudana. Wannan ba zato ba ne. A masana'antar tace yuraniyam ta Paducah, a jihar Kentucky ta Amurka, an sarrafa yuraniyam da aka dawo da shi daga tukwanen nukiliya, teknishiyam ya biyo shi, domin TcF6 da UF6, haɗin yuraniyam da fulorin, kusan a zafi ɗaya suke zama iska, ɗaya a 55.3, ɗaya a kusan 56.5. A 1988 aka sami teknishiyam-99 a rijiyoyin mutanen da ke zaune kusa da wurin. Ruwa ne ya kai wa mutanen nan shi har gida.

Kuma wannan jahilcin shi 'yan damfara ke ci da shi. Kullum sai an turo mini tallar wani ruwa, ko wani dutse, ko wata 'yar takarda da ake mannawa, wai tana “kashe tururi”. Ƙarya ce tsagwaronta. Da akwai sinadarin da ke yin haka, da ƙasashen da ke kashe maƙudan kuɗi wajen haƙa ramukan ajiye sharar nukiliya sun daɗe da hutawa. Na mai talla da sauƙi, neman kuɗi yake. Wanda ya fi ba ni takaici shi ne ma'aikacin da ya ci jarrabawa, ya sa farar riga, sannan ya koya wa na bayansa cewa famfo ne maganin zubewa, don kawai yana ƙyashin cike takardar rahoto.

Kada ki fahimce ni a baibai: in abu ya taɓa fatarki, ruwa ne farko, mai yawa, ba jira. Tururin beta na teknishiyam-99 mai rauni ne, gilashin kwalba ma yana tare shi. Haɗarinsa in ya shiga jiki ne, ta numfashi ko baki ko rauni. HF kuwa ba ya jira. Yana ratsa fata ya kama kalsiyam ɗin jiki, wani lokaci zafin ba ya bayyana sai bayan awanni, lokacin ɓarna ta yi nisa. Shi ya sa ake ajiye man kalsiyam gulukonet kusa da hannu, a shafa bayan wanki, a wuce asibiti ko da ba a jin ciwo. Soda tana da amfaninta a kan teburi, tana kashe asid ɗin, iyakarta ke nan.

Amma ruwan wankin, da audugar, da safar hannun, duk sun zama sharar nukiliya. A tara su a mazubi mai lamba, a auna wurin da na'ura, a goga wurin da takarda a sake aunawa, a sanar da jami'in kula da tururi, a rubuta. Ranar farko da kika isa, ki nemi a nuna miki wannan jami'in, da inda man nan yake, da ranar da zai lalace, da inda magudanar ɗakin take zubewa. In aka kasa amsa miki, kada ki buɗe kwalba ko ɗaya sai an amsa.