Babura 7 a garejin ɗan baffa, ko ɗaya ba ya tashi

Wasiƙar wannan makon daga Sakkwato ta fito. Mai ita ya shekara 9 yana sayar da kayan gyaran Boxer da Jincheng, yawancin abokan cinikinsa 'yan kabu-kabu ne. Mahaifinsa ya rasu ya bar Honda CD175 wadda ya saya da kuɗin Udoji, wato ƙarin albashin da aka yi wa ma'aikatan gwamnati a shekarun 1970. Ya gyara ta, ya hau ranar Sallah, wani alhaji ya tsayar da shi ya taya ta naira dubu 900, ya ce albarka. Tun daga ranar zuciyarsa ta raya masa cewa akwai arziki a tsofaffin babura. Cikin wata 14 ya bi Wurno da Gwadabawa da Tambuwal har Konni, ya tara guda 7: CD175 biyu, Vespa uku, Yamaha YB100 ɗaya, Suzuki A100 ɗaya. Ya ce ya kashe "kamar miliyan 2 da rabi ko 3". Duk suna garejin ɗan baffansa makanike, an wargaza su, kuma babu wanda ya tashi saboda kaya sun yi wuyar samu. Yanzu yana son ya sayar da filinsa ya yi odar kaya daga Indiya, domin ya ga a Facebook ana sayar da irin waɗannan babura da dubban daloli a Turai. Tambayarsa ita ce, ya sayar da filin?

Malam, kada ka sayar.

Na karanta wasiƙarka sau uku, kuma duk karatun a wuri ɗaya nake tsayawa, wato "miliyan 2 da rabi ko 3". Wannan "ko" ɗin naira dubu 500 ce. Kai da ka san kuɗin fulogi ɗaya har da ribar naira 50 da ke kansa, yau rabin miliyan ya shige tsakanin kalma biyu ba ka ko waiwaya ba. Ka cika shafi guda kana kukan rashin kaya, amma ko sau ɗaya ba ka gaya mini kayan da ke hannunka ba, saboda ba ka sani ba. Ba ka da littafi. Ciwonka ke nan, kuma kuɗin fili ba ya maganinsa.

Ban ce ƙarancin kaya ƙarya ba ne. Honda ta daina ƙera CD175 tun ƙarshen shekarun 1970. Bayan SAP, shirin tsuke bakin aljihu na gwamnati, a 1986 kayan Japan suka yi tsadar da malamin makaranta ba ya iya saye, sannan baburan Chana da na Indiya suka shigo da araha, kowa ya jingine tsohon nasa a zaure. 'Yan kasuwar Nnewi, waɗanda su ne ke cika shagunanmu da kaya, abin da ke tafiya kullum suke kawowa, ba za su ɗaure kuɗinsu a kan kayan babur ɗin da ake nema sau biyu a shekara ba. Sai kuma 'yan gwangwan, waɗanda a ganina sun fi kowa cinye tsofaffin babura: su ɗora inji a sikeli, su biya kuɗin kilo, a loda a tirela a kai a narke. Kafireta da za ka yi wata uku kana nema, a wurinsu alminiyam ce kawai. Ga dala kuma, wadda tun da aka saki naira a watan Yunin 2023 ta tashi daga 400 da wani abu ta haura 1,500 kafin shekara ta zagayo. Duk wannan haka yake.

To amma ka tsaya ka yi tunani. Da kayan suna zube a kowane shago, wa zai taya Hondar mahaifinka dubu 900? Wuyar samun ce ta ba ta daraja. Ke nan a wannan sana'a kayan su ne kuɗin. Kai kana ƙirga jarinka da cewa "babura 7", alhali tun ranar da aka sa musu sifana suka daina zama babura, suka koma ɗaruruwan ƙananan abubuwa, kowanne da farashinsa. Ka kwashi wannan dukiya ka zube ta a rumfar wani, ba ƙirge, ba kulle. Za ka iya barin aljihun teburin shagonka a buɗe a garejin nan wata 14?

Na san abin da za ka ce, ɗan baffanka ne, tare kuka tashi. Ban kira shi ɓarawo ba, ban san shi ba. Amma na san gareji. Yara nawa ne ke koyon aiki a wurinsa? Mutum nawa ne ke zama a bencin nan daga hantsi zuwa la'asar? Wani dattijo zai turo tsohuwar Vesparsa ta ƙi tashi, ga naka uku a kwance, sai a ce a ari kwayil ɗaya, in an samu a mayar. Ba za a samu ba. Wanda ya ara ma ya manta. Yaro zai share gareji ya haɗa marfin gefe da tarkacen da za a sayar wa ɗan gwangwan ya ci tuwo. Babu wanda ya yi niyyar cutarka, amma sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma kai ka tsaga shi da hannunka.

Ni ma na sha wannan ruwan. Shekarun baya na sayi Vespa biyu na kai wa wani ɗan'uwana, da niyyar a haɗa guda mai kyau. Na yi tafiya, na dawo bayan wata biyar. Da muka zo haɗawa, babu agogon gudu ko ɗaya, kafireta ɗaya ta rage, ita ma ba tawa ba ce. Na ce na kawo da su, ya ce haka na kawo babu. Har yau ban san wanda ya fi gaskiya a cikinmu ba, domin ni ma ban duba ba ranar da na kai. Kuɗin bai dame ni kamar abin da ya biyo baya ba: shekara biyu muna gaisawa sama-sama a wurin suna da jana'iza. Da na ɓata rabin sa'a da biro ranar farko, da zumuncinmu bai ji ciwo ba. In ɗan baffanka ya ɓata rai don ka zo da littafi, ka tuna masa cewa ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, a Suratul Baƙara, kan rubuta bashi ta sauka, kuma ba a ce ban da 'yan'uwa ba.

Akwai wani mai shago da na sani wanda gobarar babbar kasuwar Sakkwato ta watan Janairun 2021 ta shafa. Mutumin kirki, mai kai kamar kwamfuta, har alfahari yake yi cewa littafinsa na cikin kansa. Bayan gobarar aka zo tambayar me ya yi asara, ya kasa faɗar adadi ɗaya sau biyu. Masu binsa bashi suka zo da takardunsu, waɗanda yake bi kuwa kowa ya faɗi abin da ya ga dama.

Yanzu bari in nuna maka dalilin da ya sa nake zargin rabin kukanka na rashin kaya ba shi da tushe. Kayan tsohon babur kashi biyu ne. Akwai wanda ake samu ko a ƙera. Vespa ta fi sauƙi, domin Indiya ta daɗe tana yin 'yan'uwanta: Bajaj ta yi Chetak tun 1972 a kan tsarin Vespa Sprint, kamfanin LML kuma ya yi ta ƙera irin Vespa PX, don haka kebul da faifan kuloci da gaskit da fistin da robobi ba su yanke ba. YB100 da A100 injinansu masu sauƙi ne, silinda ɗaya. In bulok ya cinye, a kai wa mai injin tanin ya faɗaɗa shi a sa fistin na gaba, 0.25 ko 0.50, har zuwa 1.00. Kebul ana haɗawa, gaskit ana yankawa, kujera mai ɗinki zai rufe ta, kuma abin da ya gagara a Sakkwato sau da yawa ana tsintarsa a Kofar Ruwa ta Kano ko a sa a ƙera a Fanteka ta Kaduna. Sai kashi na biyu, wanda in ya tafi ya tafi ke nan: tanki na asali, marfin gefe, agogon gudu, tambarin kamfani, zoben fitila, kafireta ta asali, karanshaf na CD175. Ka lura, ban da tanki da karanshaf, duk sauran suna shiga aljihun babbar riga. Su ne suka fi tsada, su ne kuma suka fi saurin yin ƙafa.

To da wane lissafi za ka yi odar Indiya? Me za ka rubuta? Vesparka uku ba lalle irinsu ɗaya ba ne, kuma kayan PX ba duka ke hawa Sprint ko Super ba, sai an duba lambar firam da ta inji. Haka masu ɗaukar CD175 da CD185 ko CD200 a matsayin abu ɗaya ke ƙonewa, kama ce kawai, injin daban ne. Mutumin da bai san abin da ke buhunsa ba, in ya tura kuɗin fili ƙasar waje, cinikin biri a sama ya yi. Kaya za su iso, rabi kana da su, rabi ba su hau ba, wanda kake nema kuma babu shi a ciki.

Ga abin da nake so ka yi. Ka bar yaronka a shago kwana biyu. Ka sayi littafi mai bango mai kauri da buhu 7 da akwatin ƙarfe mai kwaɗo. Ka je garejin da safe, ku shimfiɗa tabarma, ku bi babur ɗaya bayan ɗaya kai da ɗan baffanka. Kowane babur da shafinsa: lambar inji, lambar firam, inda ka saye shi, nawa, abin da ke nan, abin da ya lalace, abin da babu. Ka ɗauki hoto da wayarka. Ƙananan kayan nan masu tsada su shiga akwati su koma shagonka, ba sa fita sai an rubuta an sa hannu. Abin da ya ɓata kada ka tayar da rigima a kansa, ba ka da hujja, ka rubuta shi a asara ka wuce. Kuɗin aiki kuma ku yanke shi a kan kowane babur, a gaban shaida, rabi a farko rabi ranar da ya tashi.

Ina kyautata zaton ƙirgar za ta nuna maka cewa babura 7 ɗinka 3 ne ko 4. CD175 biyu su haifi ɗaya. Vespa uku su haifi ɗaya mai kyau, watakila biyu. Abin da ya rage ka wanke shi, ka jera a kanta, ka sayar ɗai-ɗai, kuma kada ka yi mamaki in gawar babur ta fi wanda ya tashi kawo kuɗi. Ka fara da Vespa tunda kayanta sun fi kusa. In ta ci maka dubu 200 ko 250 ta tashi, ka sayar, da kuɗinta za ka taɓa na biyu. Odar waje kuwa ƙaramin kwali ne, da lambobin kaya a rubuce, kuɗin da in ya nutse ba zai hana ka barci ba.

Wani abu da ba ka ambata ba kuma ya dame ni, takardu. Babur ɗin da ka saya a ƙauye daga hannun ɗan mamaci, sauran magada sun sani? Akwai rasit? Mai unguwa ya shaida? Wanda ka shigo da shi ta Illela, da wace takarda ya wuce kwastan? Ranar da ka gama fenti yana ƙyalli, ranar ce mai shi na biyu ke bayyana. Wannan ma shafin littafi ne.

Batun dalolin Turai kuwa, don Allah ka raba ni da shi. Baturen da ke biyan wannan kuɗi yana da irin babur ɗin a garinsu, da takardunsa tun daga ranar da ya fito daga kamfani, bai taɓa ɗaukar buhun gero daga Achida ba. Kuɗin jirgi da na fito kaɗai sun isa su cinye ribar da kake mafarki. Mai sayenka yana nan kusa: ɗan tsohon ma'aikaci da ke son irin babur ɗin da babansa ke kai shi makaranta, ko dattijon da ya ƙi rabuwa da Vesparsa. Suna nan, suna biya, amma ba su da yawan da za a sayar da fili dominsu. Shi alhajin da ya taya dubu 900, ka sake ganinsa? Tayi ɗaya ranar Sallah, mutum na cikin sabuwar shadda da fara'a, shi ka gina wa kasuwa. Kafin ka sa sifana a babur na gaba, ka samu mai so ya ajiye kafin alƙalami. Kuma kada ka yarda kuɗin shagon Boxer, wanda shi ke ciyar da gidanka, ya ci gaba da zirarewa can ba rubutu.

Filin ya zauna inda yake. In kun gama ƙirgar, ka sake rubuto mini ka gaya mini kafireta nawa ka samu. Kowane ɗaya daga cikin baburan nan guda ɗaya gare shi, har CD175 mai silinda biyu, don haka 7 ya kamata ka gani a kan tabarmar.