Ƙafa Ke Kumburi, Zuciya Ake Dubawa: Amsoshin Likita

Tambaya: Likita, wata biyu ke nan ƙafafuna suna kumbura, musamman da yamma. Na je asibiti, sai aka ce in yi hoton zuciya. Ina ruwan zuciya da ƙafa?

Amsa: Hajiya, Allah Ya ƙara sauƙi. Wanda ya duba ki ya san aikinsa. Jinin da ke jikin babban mutum kusan lita 5 ne, zuciya ke tura shi, ita kuma ke karɓarsa in ya zagayo. Idan ta yi rauni, jinin da ke dawowa sai ya riƙa taruwa a jijiyoyi, ruwa ya tsattsafo cikin nama, ya gangara ƙasa, idon sawu ya cika.

Sai kuma ƙoda ta shigo zancen. Da ta ga jinin da ke iso mata ya ragu, sai ta ɗauka jiki ya rasa ruwa, ta shiga riƙe gishiri da ruwa. Taimako ta yi niyya, amma kaya ta ƙara wa zuciyar da ta riga ta gaji. Ciwon ƙoda da na hanta su ma suna kumbura ƙafa, don haka kada ki yi mamaki in an haɗa da gwajin jini da na fitsari. In numfashi ya fara yi miki wuya idan kin kwanta, kada ki jira ranar da aka ba ki, ki koma asibiti.

Tambaya: Mahaifina na fama da ciwon ƙoda, yanzu kuma an ce jininsa ya yi ƙasa, alhali bai zubar da jini ba.

Amsa: Malam, mutane sun ɗauka tace fitsari kaɗai ƙoda ta iya. Ita ce ke fitar da wani sinadari, eritropoyetin, mai umartar ɓargo ya ƙera jajayen ƙwayoyin jini. Kowace ƙwaya kwana 120 take yi, ko kusa da haka, ta mutu. In ƙoda ta daina aika saƙon, tsofaffi na mutuwa, sababbi ba sa cike gurbi. Shi ya sa maganin ƙarin jini shi kaɗai sau da yawa ba ya wadatarwa, sai an haɗa da allurar sinadarin. Kada ku saya wa Baba komai ba da sanin likitansa ba, musamman magungunan ciwon jiki, don wasunsu na ƙara lahanta ƙoda.

Tambaya: Me ya sa in na tsorata gabana ke faɗuwa, bakina ya bushe, cikina ya murɗa?

Amsa: Lafiyarki ƙalau, 'yar'uwa. Ƙwaƙwalwa ce ta sa aka saki wani sinadari mai suna adirenalin cikin jini, zuciya ta ƙara sauri, aka karkatar da jini daga hanji zuwa tsokoki don ki iya gudu, miyau ma ya ragu. In hakan na zuwar miki ba gaira ba dalili, ko ya haɗu da jiri ko ciwon ƙirji, to a duba ki.